Gwaggo Bula da Yarinyar da Ba Ta Kowa Ba

Ban taɓa ganin farcen Gwaggo Bula fari ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke zannuwan gado na masaukin baƙin da ke bayan tashar manyan motoci, bular ɗauraya ta shige mata ƙarƙashin farce ta yi zamanta, sunan kuma ya bi ta. Ba gwaggona ba ce, addininmu ma ba ɗaya ba, ita 'yar coci ce, ni Musulma. Amma a layinmu kowa Gwaggo yake ce mata, har liman da gemunsa.

Ni malamar firamare ce. Wanda ya san ni ya san ina da baki, ba na barin ta kwana, kuma na sha gaya wa mutane laifinsu a gaban idonsu. Nawa ne na kasa faɗa shekara takwas, shi ya sa nake rubuta shi.

Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, in tana tafiya tana ɗan karkacewa hagu saboda ɗaukar ƙunshin wanki. Mijinta bakanike ne a tasha. Wata rana mota ta zame daga kan jak ta danne shi, ya bar ta da 'ya ɗaya da dutsen guga na gawayi. Da dutsen nan ta raini 'yar har ta aurar da ita can nesa. Ɗakinta ɗaya a gidan haya, ƙofa biyu tsakaninmu. Gado ne a ciki, da akwatin ƙarfe, da kujera guda wadda ba a zama a kai, don kullum akwai gogaggun kayan wani a jere a kanta. In ka je gaishe ta, a bakin gado za ka zauna, ita kuma tana tsaye tana hura gawayi.

Ba ta yi karatu ba, ko harafi ɗaya. Masaukin kuwa ɗaki goma sha biyu ne, gadajen ba girmansu ɗaya ba, dole kowane zani ya koma ɗakinsa. Sai ta samo dabararta: jan zare take ɗinkawa a kusurwar zani ta yi masa ƙulli. Ɗaki na uku ƙulli uku, na tara ƙulli tara. Ko idonta a rufe yake, ta shafa kusurwa za ta gaya maka ɗakin. Daga zanin kuma take sanin baƙon. Takan ɗaga ɗaya ta girgiza kai ta ce, "Na ɗaki biyar da takalmi ya kwanta, Allah ya shirya uwar da ta raine shi." In na ce mata ta cika sa ido, sai ta ce ita ba ta sa ido, zannuwan ne ke kawo mata gulma har gindin famfo.

To, a shekarun nan ne masaukin ya fara lalacewa. Ana kiran 'yan mata masu talla ɗaki da sunan ciniki, su fito idonsu a ƙasa. Wata nas a asibitin unguwa ce ta gaji da abin da take gani, ta je ta sami liman, ta je ta sami fasto, ta gaya musu ba tare da sakayawa ba cewa ana sayar da yara a bayan tasha, kuma yaran nasu ne su biyun. Daga nan aka kafa kwamiti. Ana zama ran Asabar da hantsi, wannan mako a zauren liman, na gaba a ajin da ke harabar coci. Aka ba ni sakatariya saboda rubutuna yana karantuwa.

Tun a watan farko muka kusa kunna wutar da ba za mu iya kashewa ba. Wasu samarin masallaci suka ga yarinya ta fito daga masaukin, suka tare ta suka ja ta zuwa gaban liman, ashe 'yar wani dattijon coci ce. Kafin la'asar labari ya zama Musulmi sun sace 'yar Kirista. An ɗebi duwatsu a ranar, Allah ne kawai ya tsare. Saboda haka manya suka zauna suka kafa doka: duk wanda ya ga yaro ko yarinya cikin wannan hali, ya fara gano na wane ɓangare ne, ya kai wa matar da ke wakiltar ɓangaren. Su kaɗai za su shiga maganar. A ɓangaren masallaci ni ce, a na coci matar fasto. Ofishin kula da yara ya ba mu kati mai hoto, wanda da shi za mu iya kama hannun yarinya mu fita da ita ba a ce mun sace ta ba.

Ba da mugunta aka yi dokar nan ba, ina so a san wannan. Ladabi ne da gudun fitina. Kuma ta yi aiki, don cikin shekara biyu mun fitar da yara tara. Aka karanta ta a masallaci bayan sallah, aka karanta ta a coci ran Lahadi, don kowa ya ji. Kowa kuwa ya ji, har da waɗanda bai kamata ba.

Wata Litinin da yamma ina zaune a tsakar gida ina duba takardun gwaji, Gwaggo ta shigo ba ƙunshi a kanta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta buɗe tafin hannunta, na ga 'yan duwatsun kitso guda uku, irin na roba da ake sa wa yara a ƙarshen gashi.

"Malama, wannan daga zanin ɗaki na biyu," in ji ta. "Wannan na bakwai. Wannan na goma. Kwana uku a jere, kuma daga kai ɗaya suka zubo."

Ta ce matar da ta kama hayar wurin sayar da abinci a harabar masaukin, wadda ake kira Anti, ta kawo wata yarinya ta ce 'yar ƙanwarta ce, tana mata wanke-wanke. Yarinyar ba ta wuce shekara sha biyu ba. In za ta ɗaga bokiti sai ta sa hannu biyu.

Kun san abin da na fara tambaya? Ban ce lafiyarta ƙalau ba, ban ce ina iyayenta ba. Cewa na yi, "Tamu ce ko taku?"

"Hijabi take sawa," in ji Gwaggo. "Shi ya sa na zo wurinki."

Washegari na bi Gwaggo zuwa inda take shanya a harabar masaukin. Na tsaya a bayan zannuwan da ke kan igiya ina leƙe, ban bari yarinyar ta gan ni ba. Tana tsugune a gindin famfo da tarin kwanoni, siririya, cikin hijabi ruwan toka da ya yi mata yawa har yana jan ruwa. Da ta sunkuya ta jawo baho, sai wani ɗan gicciye a baƙin zare ya leƙo daga wuyanta yana lilo.

Wallahi daɗi na ji. Ba zan yi wa kaina ado ba. Lokacin gwaji ne, na gaji, yarinyar da na fitar kafin ita sai da uwarta ta zage ni tas a gaban 'yan sanda. Da na ga gicciyen nan sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na koma gida na rubuta wa matar fasto takarda da kyakkyawan rubutuna, na ce ga wata taku a wuri kaza.

Matar fasto mutuniyar kirki ce, kada wani ya ɗora mata. Ta je bayan kwana biyu, ta zauna kamar mai sayen abinci. Ta ga hijabi, ba ta ga gicciye ba, ta kuma ji Anti ta ƙwala wa yarinyar kira da suna irin namu. Sai ta maido mini da takardata, ta ƙara a ƙasa cewa ba sa so su shiga hurumin 'yan'uwansu. Ni kuma na sake mayar mata na ce ta duba wuyan yarinyar. Takardar nan sau huɗu tana kai da kawo, cike da gaisuwa da addu'ar zaman lafiya, kuma Gwaggo ce ke ɗauke da ita a ƙullin zaninta, ita da ba ta iya karanta ta ba. Mako uku muka yi a haka. Sai daga baya muka gane Anti ce ta sa mata duka biyun. Ta ji dokarmu da aka karanta, ta fi mu fahimtarta.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na ce wa Gwaggo ta tambayi yarinyar da bakinta. Ta dawo ta zauna a kan dakalin ƙofata.

"Na gaya mata akwai masu zuwa su fitar da yara," in ji ta. "Na ce, 'Ke 'yar masallaci ce ko 'yar coci?' Ta ce ba ta sani ba, uwarta ta rasu tana ƙarama, gida-gida aka yi ta yawo da ita. Sai ta ce, 'Gwaggo, su wanne ne suke zuwa? Ki ce musu ni tasu ce.'"

Ko dutse ya ji wannan ai ya motsa. Ni kuwa na ce to, magana ta girma, sai mu kai ta taron Asabar manya su yanke.

Ran Talata kafin magariba Gwaggo ta sake zuwa, a wannan karon da sauri, tana haki. Ta ce Anti ta sayo wa yarinyar sabuwar jaka ta kuma sa an yi mata sabon kitso, kuma haka ta yi wa wata kafin ta ɗora ta a motar kaya zuwa wani gari. Ta ce ta fara biyawa ta gidan fasto, matar ta ce ba za ta taka doka ba sai an zauna. Ta ce gobe Laraba Anti za ta tafi kasuwa tun ƙarfe takwas, ba ta dawowa sai azahar, kuma maigadin masaukin ya ce in mai kati ta zo shi bai ga komai ba, amma ba kati ba zai buɗe ƙofa ba, don kada a ɗaure shi.

"Ki zo da katin nan naki, Malama. Hannunta kawai za ki kama. Ni zan riƙe ɗayan."

"Gwaggo, in na fito da ita aka ga gicciye a wuyanta fa? Kin manta da duwatsun bara waccan?"

"Ni 'yar coci ce, ina gefenki. Duk mai jifa ya fara da ni."

Ta tsare ni da ido, ga mijina yana jiran ruwan alwala, ga takardu sun cika tabarma. Na ce, "To, zan zo." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini wuya.

Da safe na sa katin a jaka, wannan kam na yi. Na ce bari in fara leƙa makaranta in raba takardun gwaji sannan in fita. Da na raba, na ce bari su ɗan yi nisa. Lokacin hutun tara ya yi, na fito har bakin ƙofar makaranta, na tsaya. Na tuna fuskar dattijon nan na coci ranar da aka ja 'yarsa, na tuna yadda za a ce Malama ce ta karya dokar da ta rubuta da hannunta. Na ce a raina, Asabar kwana uku ce kawai, me zai faru a kwana uku? Na juya na koma aji. Har na yi wa wata ɗaliba faɗa a kan ta zo ba fensir.

Ran Alhamis da safe aka ɗora yarinyar a mota.

Taron Asabar ɗin a zauren liman aka yi. Mun zauna ke nan, fasto ya buɗe da gaisuwa, sai ga Gwaggo a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa zuwa taro ba. Ta tuɓe takalmi ta shigo da 'yar leda a hannu. Ta durƙusa ta gaida liman, ta gaida fasto, sannan ta fito da abin da ke ciki ta ajiye a tsakiyar tabarma: 'yar riga mai furanni da hijabi ruwan toka, an wanke, an goge, an ninke kamar na shago.

"Ta ba ni wanki ran Talata, ba ta tsaya karɓa ba," in ji ta. "Ni ban saba riƙe kayan mutane ba. Ku gaya mini wane ɓangare zan ba."

Liman ya cire tabaraunsa ya riƙe a hannu. Matar fasto ta fara kuka a hankali, tana cewa laifinta ne, da ta duba wuyan. Ni ina zaune da biro da littafin taro a cinya, ina jiran Gwaggo ta juyo ta ce, ga wadda ta ce za ta zo. Ba ta ko kalli inda nake ba. Ni ma ban buɗe baki ba. Na bar matar fasto ta sha kukanta ita kaɗai, har na miƙa mata hankici.

A zaman nan aka soke dokar. Liman ne ya fara cewa daga yau ba a tambayar na wane ne, fasto ya ce mutum biyu za su riƙa tafiya tare, ɗaya daga nan ɗaya daga can, kuma a ranar da aka ji labari, ba sai an jira taro ba. Ni na rubuta. 'Yan sanda suka je masaukin ran Litinin, suka tarar Anti ta kwashe tukwanenta. An kama ta bayan wata biyar a wani gari, ta ce ita ba ta san inda direban ya sauke yarinyar ba. An bi, an yi cigiya a masallatai da coci-coci na garuruwan da ke kan hanyar. Shiru.

Mai masaukin ya gane daga ina maganar ta fito, ya sallami Gwaggo ba ko sannu, bayan shekara ashirin da shida. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ɗauki bahonta ta koma cikin tasha tana wanke wa direbobi kaya, aikin da ya fi wancan wuya, don baƙin mai ba ya fita da daɗin rai. Na ce mata ta zo in nema mata shara a makarantarmu, ta ce a'a, a tasha ne motoci ke zuwa daga ko'ina. Duk direban da ya miƙo mata riga sai ta tambaye shi ko ya ga wata siririyar yarinya mai ɗan tabo a haɓa. Suka mayar da abin wasa, suna hango ta su ce, "Gwaggo, yau ma ba mu gan ta ba." Takan ce, "To, ku dai duba gobe." Shekaru suna tafiya tana ƙara wa yarinyar shekaru a tambayar, daga yarinya ta koma budurwa.

Sabuwar dokar ta yi albarka, ba zan ɓoye ba. Ni da matar fasto mun shiga wurare da yawa kafaɗa da kafaɗa, mun fitar da yara fiye da talatin, ba a kuma sake ɗaukar dutse a unguwarmu ba. Har takardar yabo aka ba ni a wani taro, aka tafa mini. Gwaggo tana can baya ita ma tana tafi. Kullum in mun haɗu a layi ita ke fara gaishe ni, ta tambayi yara, ta tsokane ni a kan gugar kayan mijina da ba ta fita. Da ta zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi.

A shekara ta takwas ƙafafunta suka kumbura, ta daina fita. 'Yarta ta zo ta yi mako biyu ta koma wurin nata 'ya'yan. Sai muka raba kwanaki, matan coci da matan layinmu, ni na ɗauki Laraba da Asabar. Ina mata wanki tana kwance tana kallona ta ƙofa, tana cewa ban iya matsa ba, malaman makaranta hannunsu na alli ne kawai.

Wata Laraba da azahar na gama shanya na shigo na zauna a bakin gadonta. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta fito.

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa musu ba? Ranar taron nan. Na ce zan zo ban zo ba."

"In na faɗa su cire ki, wa zai riƙe katin? Akwai sauran yara."

"Ki yafe mini."

"Ni me kika yi mini? Ni ma ina da nawa. Ina da hannu biyu, katanga ba ta fi ni tsawo da yawa ba. Na tsaya jiran kati."

Sannan na tambayi abin da na yi shekara takwas ina tsoron tambaya. Na ce, "Yarinyar ta san zan zo?"

Gwaggo ta juya fuskarta wajen bango.

"Na gaya mata tun daren Talata," in ji ta. "Anti na fita ta wanke ƙafarta, ta sa takalmanta a leda, ta zo ta zauna a kan bulo kusa da famfo, inda ake hango ƙofa. Ta ce yaya kamanninki suke, don ta gane ki. Na ce doguwa ce, da tabarau, da baƙar jaka. To hanyar tasha ce, kin san mata ba sa yankewa. Duk doguwar da ta gifta sai ta miƙe tsaye da ledarta. In ta wuce ta koma ta zauna. Tun ina ƙirgawa har na bari."

"Ba ta ce komai ba?"

"Da aka kira azahar muka ji muryar Anti a waje, ta ɓoye ledar a ƙarƙashin wankina. Ta ce, 'Gwaggo, ƙila ta zo ba ta gane ni ba ne. Gobe in tsaya a bakin ƙofa?'"

Gwaggo ta rasu bayan wata biyu, aka yi mata addu'a a coci, mu kuma muka tsaya a waje har aka fito da ita. Yarinyar ba a same ta ba har yau. In tana raye ta kai ashirin.

Daga ƙofar makarantarmu zuwa ƙofar masaukin nan tafiyar minti bakwai ce. Na je na auna daga baya, kuma ba da sauri na yi tafiyar ba.